Rasuwar Shuɗi Mai Fuska Ashirin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Glenna Saari ta birnin Duluth a Amurka take sanar da 'yan uwa, abokan tebur, da duk wanda ya taɓa jin ƙararsa a kan katako, rasuwar Shuɗi, dais mai fuska ashirin, wato ƙwayar wasa mai lambobi da ake jefawa irin ta ludo. Ya rabu gida biyu ranar Lahadin da ta gabata, da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Hollis Benoit, yana tsakiyar aiki. Ya rasu yana da shekara talatin da shida.

Marigayin ba na Glenna ba ne tun farko. Ɗan uwanta Arlo, wanda aka haife su rana ɗaya, shi ya zaƙulo shi daga cikin wata kwalba a wani ƙaramin shago da yanzu ya zama wurin cirar haƙori. Lokacin suna da shekara goma sha tara. Lambobinsa a sassaƙe suke ba fenti, sai da Arlo ya zauna ya goga musu farar kala irin ta 'yan firamare har suka fito. Daga ranar bai sake barin aljihun Arlo ba. Ya bi shi tashar lodin ƙarfe inda yake tuƙa injin ƙugiya mai ɗaga kaya, ya bi shi wurin ɗaurin aure, ya bi shi kotu ranar da auren ya mutu.

Aikinsa na ranar Lahadi ne, daga ƙarfe biyu zuwa shida, a wani wasan labari da ake yi a kan tebur. Hollis ne mai jan labari. Shi yake faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa, shi ne bakin dodanni, shi ne kuma mai riƙe da littafin doka, abin da ya sa Arlo ya laƙaba masa Alƙali. Kowane ɗan wasa yana da mutuminsa a takarda. Tibor Halasz, tsohon mai raba wasiƙu, yana da wani gajeren mayaƙi mai gatari. Na Arlo kuwa matsafi ne, sunansa Ulmar Mai Toka. Da can su bakwai ne a teburin, shekaru suka yi ta zare su ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da Ulmar ya yi niyyar yi, sai an jefa Shuɗi, lambar da ta kalli sama ita ke faɗin ko ya samu ko ya faɗi.

Waɗanda suka zauna da marigayin sun shaide shi da gaskiya mai ɗaci. Ba ya fadanci. Yakan ba ka ɗaya a ranar da kake roƙon ashirin, bai ko ji kunyarka ba. A tsawon rayuwarsa bai taɓa faɗowa daga tebur ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abin yabo ba ne a cikin danginsa. Ba ya son hannun baƙo. Tibor ya taɓa ɗaukarsa da wasa a shekarar da aka yi babbar ambaliya, Arlo bai yi masa magana ba har mako uku. Muryar Shuɗi kuma ba ta ɓuya: ƙwal, ƙwal-ƙwal, sai ɗan jinkiri kamar mai shawara, sannan tas. Sauran dais-dais suna zuba surutu ne kawai. Shi sai ya yi wannan jinkirin tukuna.

Babban abin da ake tunawa da shi dai shi ne ashirin ɗinsa. A wannan wasa, wanda ya kai hari ya jefa ashirin ya yi bugun ninki, ana ninka masa dais ɗin ɓarna, abin da zai raunata dodo sai ya kashe shi. Amma sihiri iri biyu ne, kuma a nan rigimar take. Akwai mai saiti, wanda matsafi yake nuna mutum ɗaya ya harba. Wannan ana jefa masa dais, yana iya kuskurewa, yana kuma iya ninkuwa. Akwai kuma mai mamaya, irin wutar da take cika ɗaki gaba ɗaya. Wannan matsafi ba ya jifa ko kaɗan, abokin gaba ne yake jefa nasa ya ga ko zai kauce. Tunda ba jifa, ba ninki. Haka littafi ya ce, haka Hollis ya ce.

Arlo bai taɓa yarda ba. Sihirin da ya fi ƙauna mai mamaya ne, Ruwan Toka yake kiransa, kuma duk lokacin da ya sake shi sai ya jefa Shuɗi duk da haka, wai don ya ji ta bakinsa. In aka yi rashin sa'a ashirin ta fito, to ranar ba zaman lafiya.

"Alƙali, buɗe idonka! Ashirin ce fa!"

"Na gani. Ba wanda ya ce ka jefa."

"Wutar da ta cika ɗaki ba za ta iya samun mutum a ido ba? Wace irin doka ce wannan?"

"Shafi na ɗari da casa'in da huɗu. Zauna, kofinka na hucewa."

"Kai dai ko a jana'izata sai ka karanta shafi."

Shekara talatin da huɗu suna wannan. Hollis bai sassauta ko sau ɗaya ba, Arlo bai daina jifa ko sau ɗaya ba, kuma in wata Lahadi ta wuce ba su yi ta ba, dukansu biyu sai su koma gida kamar ba su ci abinci ba.

Glenna ba ta wasa a lokacin. Nata shi ne ta sauko da tiren dankali da niƙaƙƙen nama, ta dire, ta ce musu tsofaffin banza masu faɗa a kan dodon takarda, ta koma sama wurin matar Hollis. Sai wata safiya a watan Nuwamba, shekara biyu da suka wuce, aka sami Arlo kwance a ƙofar gidansa, shebur ɗin kwasar ƙanƙara yana hannunsa. Zuciya ce. A asibiti suka miƙa wa Glenna makullansa, da walat, da wani gwangwanin alewa. Shuɗi yana ciki, tare da sauran dais-dais ɗinsa shida.

Lahadi ta biyu bayan an binne Arlo ta kai wa Hollis takardun Ulmar, don ba ta san me za ta yi da su ba. Kujerar Arlo tana nan inda take, ba wanda ya iya naɗe ta. Hollis ya karɓi takardun ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mata a wasan ƙarshe sun tsaya ne Ulmar yana tsakiyar gada, hannunsa a sama, zai saki sihiri.

"Ni ba ni da ikon sauke masa hannu, Glenna. Sai mai shi."

Ta ce ita ko lambobin ba ta iya karantawa. Tibor ya ce ai ɗan uwanta ma bai iya ba, ya yi shekara talatin ba wanda ya gane. Ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar, ta zauna a kujerar. Amma ta kafa sharaɗi da bakinta: za ta riƙe Ulmar har ranar da ya mutu a cikin labarin, ranar nan a naɗe kujerar, ita kuma ta gama. Ta san a duniyar da Hollis ya gina ba a tayar da matattu. Tana tsammanin abin ba zai wuce wata guda ba.

A nan ya kamata a faɗi abin da Glenna ta daɗe ba ta faɗa wa kowa ba. Arlo yana da al'adar ajiye Shuɗi da ashirin a sama, wai don ya saba. Ita ba ta damu da wannan ba, jefa shi take yi cikin gwangwani yadda ya faɗa. Amma duk lokacin da ta buɗe, ashirin ce take kallonta. Ta gwada shi da gangan. Ta ajiye shi da ɗaya a sama, ta rufe, ta ɗora kan firji, ta tafi aiki. Ta dawo ta buɗe, ashirin. Wata rana da hantsi tana guga a falo, ita kaɗai a gidan, ta ji daga kicin: ƙwal, ƙwal-ƙwal. Ta tsaya da dutsen guga a hannu tana jiran tas ɗin, har rigar ta ƙone. Bai zo ba.

Tsoro ta ji, wallahi, tsoro sosai. Kuma ba ta so abin ya tafi. Tun suna yara takan san Arlo ya iso ƙofa kafin ya ƙwanƙwasa, kuma tun watan Nuwamban nan wannan wurin a jikinta ya yi shiru. In ta damƙe Shuɗi a tafin hannu ranar Lahadi sai wurin ya ɗan motsa. Ta koyi dokoki, ta koyi sunayen sihiri, ta koyi ja da baya da Ulmar in faɗa ya yi zafi, har Tibor yana cewa bai taɓa ganin matsafi matsoraci irin wannan ba. Bai san lissafinta ba. Muddin Ulmar yana numfashi a takarda, kujerar tana nan a buɗe, kuma akwai sauran wurin da ake ambaton Arlo kamar wanda ya ɗan fita ne zai dawo.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne a farkon hunturun bana. Gefunansa sun riga sun goge saboda tsufa, yakan daɗe yana gangarawa kafin ya tsaya. Sai wata siririyar tsaga ta bayyana tsakanin bakwai da goma sha biyar, kamar gashi guda. Muryarsa ta dushe. Tibor, da kyakkyawar niyya, ya ce a saka shi cikin ruwan gishiri a ga ko akwai iska a cikinsa, don dais mai iska yakan karkata gefe ɗaya, wataƙila ma shi ya sa yake kwana da ashirin a sama.

"Ba wanda zai tsoma ɗan uwana a kofin gishiri," in ji Glenna.

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Hollis ya sunkuyar da kai yana gyara takardunsa. Ba a sake tayar da zancen ba.

Ranar Lahadin ƙarshe, labarin ya kai su gaban Mai Kambin Ƙashi, dodon da suke bi tun Arlo yana raye. Faɗan ya yi muni. Wata ƙofar ƙarfe ta faɗo ta raba su, mayaƙin Tibor yana waje yana saran banza, Ulmar yana ciki shi kaɗai, ransa saura ƙiris. Dodon ma ya jigata. Sihiri ɗaya ya rage wa Ulmar ƙarfin yi. Abin da hankali ya ce shi ne mai saiti, a harba a yi fatan ashirin, don ninki ne kaɗai zai gama da dodon. Glenna ta san haka, ta ma buɗe baki da niyyar faɗin haka. Abin da ya fito shi ne, "Ruwan Toka." Kuma kafin ta ankara hannunta ya riga ya saki Shuɗi, jifar da ba wanda ya nema. Ita da ba ta taɓa yin wannan kuskuren ba ko sau ɗaya a shekara biyu.

Ƙwal. Ƙwal-ƙwal. Ya yi jinkirinsa. Tas.

Ashirin ce. Tibor ya cire hularsa. A teburin Hollis, abin da ka furta shi ka yi, ba a janyewa. Da mai saiti ta ce, da dodon ya mutu nan take. Da yake mai mamaya ta ce, ashirin ɗin nan ba ta da wani amfani, ado ce kawai. Glenna tana kallonta.

Hollis ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Littafin yana gabansa, bai buɗe ba.

"Zan ƙirga ta," ya ce. "Ninka, Glenna. Yau zan ƙirga."

"Karɓi, baiwar Allah!" in ji Tibor. "Shekara talatin da huɗu ana jiran wannan rana. Karɓi kafin hankalinsa ya dawo!"

Ba abin da take so a duniya kamar ta karɓa. Amma ta dubi fuskar Hollis ta ga irin kallon da mutane suka yi mata a maƙabarta.

"Alƙali, in tambaye ka. Da shi ne zaune a nan, za ka ba shi?"

Hollis ya kawar da kai.

"Da kai nake. Za ka ba shi?"

"A'a."

"To kada ka ba shi yau. Matattu ake yi wa irin wannan alheri. Faɗa masa shafin."

Hollis ya faɗi shafin, muryarsa tana karyewa a tsakiyar lambar. Sannan ya ɗauki nasa dais ya jefa wa dodon, a fili, gaban kowa. Dodon ya kauce, rabin wutar kawai ta same shi. Ya kai bugu ɗaya, Ulmar ya zube, sannan dodon ya juya wajen ƙofar ƙarfen ya bar shi yana zubar da jini.

A dokar wasan, wanda ya zube haka bai mutu ba tukuna. Ana jefa masa dais a kowane zagaye: goma zuwa sama ta rai ce, ƙasa da goma ta mutuwa, wadda ta fara cika uku ita ta ci. Shuɗi ya ba da huɗu, ya ba da goma sha uku, ya ba da goma sha ɗaya, ya ba da shida. Biyu da biyu, saura ɗaya. Glenna ta daɗe da shi a tafin hannu. Tana jin motsin nan a jikinta, ƙarara, kamar Arlo yana tsaye a saman matakala. Ta jefa.

Ƙwal ɗaya ya yi. A na biyun sai ƙas, ya tsage daidai kan tsagar nan. Rabi ya kife a tsakiyar tebur, fasasshen cikinsa a sama, ba lamba. Ɗaya rabin ya yi tsalle ya sauka ƙasa, karo na farko a rayuwarsa, ya gangara kan siminti ya nufi ƙarƙashin matakala, inda tukunyar ɗumama gida take da tarin kwalaye. Su ukun sun ji shi yana tafiya. Sun yi ittifaƙi, har Tibor da ba ya yarda da komai, cewa rabin dais ba ya iya yin doguwar tafiya irin wannan. Sun ji jinkirin. Sun ji tas.

Tibor ya yunƙura zai ɗauko tocila, Hollis ya riƙe masa hannu. Wannan karon ya buɗe littafin, ya yi ta juya shafuka, ya rufe.

"Dais ya tsaya, kowa ya ji," in ji shi. "Jifa ta yi, ba a sake ta. Amma ba ta zama hukunci sai an karanta lambar. Ban karanta ba. Wasa ya tsaya a nan."

Glenna ta bincika maganar ta kowane gefe tana neman inda ya saka tausayi a ciki, don ta mayar masa da abinsa. Ba ta samu ba. Doka ce tsantsa.

Marigayi Shuɗi ya rasu ya bar 'yan uwa shida a gwangwani, cikinsu har da mai fuska huɗu wanda ya sha huda ƙafar Tibor, da mai fuska goma sha biyu da bai taɓa samun aikin yi ba. Ya bar guntun farar kala. Ya bar Tibor Halasz, wanda yake neman gafarar taɓawar da ya yi masa. Ya bar Hollis Benoit, abokin gabarsa na shekara talatin da shida, wanda a cewar matarsa bai ci abincin kirki ba tun ranar. Ya bar Ulmar Mai Toka kwance a kan dutse, biyu da biyu, bai mutu ba bai tashi ba. Ya kuma bar Glenna, wadda gidanta ya yi tsit tun Lahadi, ta buɗe gwangwanin sau ba adadi ba ta ga komai ya juya ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a maƙabartar da ke kan tudu, gefen kabarin Arlo Saari. Ƙasa ta daskare, don haka Tibor zai zo da ƙaramin ƙarfen haƙa da tulun ruwan zafi. Za a sa rabin da aka samu a cikin akwatin ashana. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya zo da dais a aljihu ya bar shi a aljihun, ba a jifa a wurin. Daga nan za a wuce gidan Hollis zaman makoki, akwai kofi da kifi mai hayaƙi, a falon sama.

Ɗakin ƙasa a rufe yake ga masu ta'aziyya. Kujera tana nan yadda take, a bar ta. Iyalan marigayin suna roƙon duk wanda wata lalura ta kai shi ƙasa, ko mai gyaran tukunya ko mai duba mita, kada ya haska ƙarƙashin matakala. In ƙaddara ta sa idonsa ya faɗa kan wani abu shuɗi, kada ya ɗauka, kada ya juya shi, kuma don girman Allah kada ya faɗi lambar.

Ranar Talata Glenna ta sauka ɗauko tirenta da ta manta, ta tarar an jawo wata tsohuwar kabad an tare wurin da ita, sawun jan yana nan sabo a kan siminti. Da ta hau sama, Hollis mai gidan bai iya haɗa ido da ita ba. Saboda haka, wanda ya riga ya gani, Glenna ta san shi, ba ta tambaye shi ba, kuma tana roƙonsa ya ci gaba da yin shiru.